Ciwon da ke ɓuya in ya ga likita



Akwai wata magana da ta kama bakin kowa daga Birnin Ƙwanni zuwa Malbaza, daga Malbaza zuwa Illela, har ta kusa zama gaisuwa: «Rezo ya tafi.» Jim kaɗan kuma ka ji an ce: «Ya dawo.» Mai zama a gishen gidan aika kuɗi ya san ta. Mai fitar da kaya da ke jiran takardun kamiyonsa a biron duwan ya san ta. Sakataren ma'aikatar magajin gari mai shigar da takardun haihuwa ya san ta, haka nan dillalin albasa na Galmi wanda sai ya aika hoton kaya da farashi Abijan ko Akara kafin a yi lodi. A yau abincin mutane da yawa a jahar Tawa ya rataya ga wannan zare da ido ba ya gani.

Galibi kamfanin tarho mu ke ɗora wa laifi, kuma sau da yawa ba mu zalunce shi ba. Amma akwai wani kaso na matsalar wanda ba ruwan kamfani da shi, domin cikin na'urar da ke gabanmu ya ke kwance. Shi ne ke haddasa rigimar da ake gani a shagunan masu sayar da ordinater, wato kwamfuta a bakin maƙwabtanmu na Nijeriya. Ma'aikaci ya tara albashin wata biyu ko uku ya sayi ta hannu ranar Laraba, ranar kasuwar Ƙwanni. Ranar Asabar sai ga shi a fusace: «Alhaji, wannan abin da ka sayar mini ba ya riƙe wifi, sau goma ya yanke mini jiya.» Alhaji ya kunna ta, ta kama nan take, ya buɗe bidiyo ya kalla har ƙarshe. «To Mushe, ga ta nan gabanka, ina ciwon?» Wannan ya rantse, wancan ya rantse, a rabu baram-baram.

Abin da na ke so mu fahimta a wannan mako shi ne, dukansu biyu suna iya zama masu gaskiya. Akwai irin ciwon na'ura da gajeren gwaji ba ya kama shi, ko a shagon Alhaji, ko a ɗakunan gwajin manyan kamfanonin da suka ƙera ta. Wanda ya san haka zai sake tsarin cinikinsa.

Inda zaren ke tsinkewa

Tsakanin yatsanka da wanda ka ke aika wa saƙo akwai gaɓoɓi huɗu. Ta farko hanyar kamfani ce: wayar da aka binne a gefen babbar hanya, ko dogon ƙarfen antena, ko tauraron ɗan Adam, tun da Starlink ya fara aiki a Nijar da izinin hukuma a watan Maris na 2025. Ta biyu akwatin da ke raba wifi cikin gida ko biro. Ta uku iskar da ke tsakanin akwatin da na'urarka. Ta huɗu kuwa wani ɗan kati ne cikin na'urar, bai fi kan sarkin wasiƙa girma ba, tare da ƙaramar manhajar da ke tafiyar da shi.

Rarrabe su ba shi da wuya. In dukan waɗanda ke cikin ɗaki sun yanke lokaci guda, to a nemi laifi wajen kamfani ko akwati. In kuwa salular maƙwabcinka na aiki, ta ɗanka na aiki, ordinater ɗinka kaɗai ke faɗuwa tana tashi, to ciwon na cikin gida ne.

Wannan ƙaramar manhaja Faransawa na ce mata pilote, masu Turancin Ingilishi na ce mata direba, kuma da wannan suna za mu kira ta. Aikin direban na tafinta ne. Babban tsarin da ke mulkin na'ura, Windows ne ko Linux ko Android, da harshe ɗaya ya ke ba da umarni: aika, karɓa, yi barci, farka. Katunan kuwa kowane kamfani da nasa harshe, Intel daban, Realtek daban, haka Broadcom da Qualcomm da MediaTek. Direba ne ke tsaye a tsakani yana fassara. Duk wanda kakansa ya ba shi labarin zamanin kumandan ya san irin ɓarnar da tafinta ke yi in ya juya kalma ɗaya.

Masana sun daɗe da gano cewa nan ne raunin ya ke. A 2001 masu bincike na jami'ar Stanford ta Amurka sun tantance manhajar Linux, suka tarar kurakurai a ɓangaren direbobi sun ninka na sauran sassa sau uku zuwa bakwai. A 2003 wasu na jami'ar Washington suka ruwaito cewa kashi 85 cikin 100 na faɗuwar Windows XP da aka kai rahotonta direbobi ne sanadi. Dalili kuwa a fili ya ke: direbobi dubbai ne, kamfanoni barkatai ke rubuta su, sau da yawa cikin gaggawar kai kaya kasuwa.

Cikin direbobin ma, na wifi ya fi kowa shan wahala, domin shi a iska ya ke aiki, iska kuwa ba ta da mai ita. Tun da aka fitar da ƙa'idar farko ta wannan fasaha a 1997, har aka raɗa mata sunan Wi-Fi a 1999, zangon 2,4 GHz shi ne gidanta na asali, kuma gidan haya ne. Bluetooth na ciki, tandun lantarki mai ɗumama abinci na ciki, kuma a 2012 kamfanin Intel da kansa ya bayyana cewa abubuwan da ake soka wa na'ura a kafar USB 3.0 suna iya fitar da ƙarar da ke dushe wifi. An kasa zangon zuwa tashoshi, amma uku ne kacal, ta 1 da ta 6 da ta 11, ba sa taka juna. A layin shaguna inda akwati goma ke magana lokaci guda, abin kamar masu shela goma ne a rumfa ɗaya.

Ga kuma wani tarko da ya shafi kayan hannu da ke zo mana daga ƙasashe dabam-dabam. A Turai tashoshi 13 ake amfani da su, a Amurka 11. Akwati da aka bar shi ya zaɓi tasha da kansa yana iya kwana a ta 6 ya wayi gari a ta 13. Wasu na'urorin da aka tsara don kasuwar Amurka ba sa ganin ta 12 da ta 13 sam. Sai mai na'ura ya ga sunan wifi ɗinsa ya ɓace yau, ya bayyana gobe, ya fara tunanin ko sammu ne.

Me ya sa ya ke ɓuya?

Ciwon na'ura iri biyu ne. Akwai mai gaskiya, wanda duk lokacin da ka taɓa wuri kaza sai ya motsa. Wannan ko yaron shago zai kama shi. Akwai kuma mai kama da masassara mai zuwa da tafiya, wanda ba ya tashi sai abubuwa uku ko huɗu sun haɗu cikin ƙiftawar ido. Misali: an cire caja, direba ya sa kati gyangyaɗi don tattalin batir, daidai lokacin akwati ya aiko saƙo, shi kuwa katin ya ɗau zafi har farkawarsa ta yi jinkiri kaɗan. Akwati ya kira bai ji amsa ba, ya ɗauka baƙon ya tafi, ya rufe ƙofa. In ɗaya cikin huɗun nan bai samu ba, lafiya lau za a wuni.

Yanzu ku dubi abin da ke faruwa in an kai na'urar shago. A hanya an kashe ta an kunna, saboda haka direba ya fara da sabon numfashi. Alhaji ya soka mata caja, tattalin batir ya tsaya. Ya ajiye ta taku biyu daga akwatinsa, wanda ba irin na biron Mushe ba ne. Ta huce a cikin jaka. Duk sharuɗɗan ciwon an warware su tun kafin a fara gwaji. Direbobin mota sun san irin wannan: ƙarar da ta dame ka tun daga Badagishiri, da ka shiga garejin bakanike sai ta yi tsit.

Wani masanin Amurka mai suna Jim Gray ya yi nazarin wannan a 1985, lokacin yana aiki a kamfanin Tandem. Cikin kurakurai 132 da ya bi diddiginsu a wata manhaja, ɗaya ne tak ke maimaita kansa in an sake gwadawa. Sauran 131 sukan ɓace. Masu wannan sana'a sun laƙaba wa irinsu sunan Heisenberg, masanin kimiyya na Jamus, domin da zarar ka sa musu ido sai su sake hali. Ko manhajar da ake sakawa don ta rubuta abin da ke gudana takan rage saurin na'ura kaɗan, wannan kaɗan ɗin kuma ya isa ya hana abubuwan nan haɗuwa.

Kada a ce talaucinmu ne ya jawo. Ranar 4 ga Yuli 1997 kumbon Pathfinder na hukumar NASA ya sauka a duniyar Mars, bayan ƴan kwanaki sai na'urarsa ta shiga kashe kanta tana sake tashi. Injiniyoyin sun taɓa ganin alamar haka kafin saukar, amma da suka nemi ciwon ya maimaita sai ya ƙi. Daga baya, da suka kunna tagwayen kumbon da ke ɗakin gwajinsu, suka ɗora masa irin aikin da na can ke yi, ciwon ya fito kafin awa 18 ta cika. Ku ɗauka ɗan aike ne ya riƙe mabuɗin ɗakin ajiya, darekta na jiran mabuɗin, matsakaitan ma'aikata kuwa sun tare hanya kowa na gabatar da nasa aiki. Da jiran ya yi tsawo sai mai gadi ya zaci gidan ya tsaya cik, ya kashe wuta ya sake kunnawa. Da aka gane haka, gyara kaɗan aka aika ta iska, aiki ya ci gaba. Abin lura a nan shi ne ba su sami magani ba sai da suka iya tayar da ciwon da gangan.

Inji mai gwada inji

Mai karatu zai ce: ashe kamfanonin nan ba sa gwada kayansu? Suna gwadawa ƙwarai. Yawancin gwajin ma otomatik ne, wato inji ke gwada inji dare da rana ba hannun mutum. Microsoft na da tsarin da direba ke bi kafin a buga masa hatimi. Masu Linux, wanda shi ne ƙashin bayan Android da ke cikin salulolin Tecno da Itel na aljihunmu, sun kafa KernelCI a 2014, ya koma ƙarƙashin gidauniyar Linux a 2019. Ɗakunan gwaji ne a ƙasashe dabam-dabam inda ake ɗora sabuwar manhaja kan na'urori na zahiri a ga ko za su tashi. Duk da haka ciwon na tsallakewa, saboda dalilai huɗu.

Na farko, manhaja zalla ana iya kwafarta sau dubu a gwada cikin dare ɗaya, amma kati ƙarfe ne. Sai an saye shi, an dasa shi, an ba shi wuta, in ya sandare kuma sai an sami abin da zai zare masa wutar ya mayar. Kowane kati da aka ƙara, kuɗi ne da wuri da mai kula.

Na biyu, gwaji ba ya da amfani sai in ana iya maimaita shi a sami amsa iri ɗaya. Don haka akan kulle kati da akwati cikin sanduƙin ƙarfe da ke hana kowace igiyar rediyo shiga. To amma hayaniyar da aka kulle a waje ita ce sau da yawa ke tayar da ciwon. Wasu lokuta ma katin ƙarya ake ƙirƙira cikin manhaja, kamar wanda Linux ke da shi tun 2008. Wannan na gwada hankalin tsarin, amma katin ƙarya ba ya jin zafi, ba ya tsufa, ƙura ba ta shiga masa.

Na uku, yawan haɗe-haɗe. A ce kati iri 50 ne, akwati iri 20, zubin manhaja 10: haɗi 10.000 ke nan, tun ba a sako zancen zafi da batir da nisa da bango ba. Na kasuwa sun fi haka nesa ba kusa ba. Dole kamfani ya zaɓi waɗanda zai gwada, kuma sababbin kayan da ya ke sayarwa bana zai zaɓa. Na'urar da ta shekara takwas a wani ofishin Turai kafin ta sauka Kwatano ko Lome ta hau kamiyo zuwa nan ta daɗe da fita daga jerin.

Na huɗu ya fi sauran ban takaici: shi kansa gwajin yana da nasa ciwon mai zuwa da tafiya. A 2016 wani injiniyan Google ya bayyana cewa kusan kashi 16 cikin 100 na gwaje-gwajensu kan ba da amsa biyu ga tambaya ɗaya, yau su ce lafiya, gobe su ce akwai matsala, alhali ba a taɓa kome ba. In gwaji ya faɗi sau ɗaya, me ma'aikaci zai yi? Zai sake kunna shi, ya wuce, a buga hatimi. Ta wannan ƙofa ce ciwo na gaske ke ficewa sanye da rigar kuskuren gwaji.

Ƙasarmu ba ta cikin ɗakin gwajinsu

A kan waɗannan duka sai a ƙara namu yanayi. Yawancin masu ƙera ordinater ta hannu da salula sun rubuta cewa iyakar zafin da kayansu ke so su yi aiki a ciki digiri 35 ne. A Ƙwanni, cikin Afrilu da Mayu, zafin rana a inuwa kan wuce 40, balle cikin shago mai rufin kwano. In hunturu ya zo kuma ƙura ta toshe wa na'ura hanyar shan iska. Ga batun wuta. Ko da ya ke an buɗe tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza a watan Nuwamba na 2018, ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da ta ke sayar wa Nijar, ba ta maido ba sai Maris na 2024. Duk sa'ad da aka sauya daga wutar gari zuwa janareto ko batirin sola, akwati na mutuwa ya tashi, wataƙila a sabuwar tasha, na'ura kuma ta koma tattalin batir.

Sannan kayan hannu na da nasu tarihi. Sau da yawa an canza katin asali da wanda aka ciro daga wata matacciyar na'ura, an wanke ta an zuba mata Windows da tarin direbobin da aka kwaso ba a san mafarinsu ba. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kuma Microsoft ya daina kulawar yau da kullum da Windows 10, wanda shi ne ke kan da yawa daga cikin tsofaffin na'urorin. Babu wani inji a duniya da ya taɓa gwada wannan haɗin. Mai saye shi ne na farko.

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Gaskiya ne, amma gwaji nawa? Mu yi lissafi irin na ƴan kasuwa. In ciwo na tashi sau ɗaya cikin haɗi 100, wanda ya gwada sau 10 yana da kusan kashi 90 cikin 100 na rashin ganinsa. Kafin ya sami kashi 95 na tabbacin kama shi, sai ya gwada kusan sau 300. In kuwa sau ɗaya ya ke tashi cikin awa 8 na aiki, gwajin minti 5 a bakin shago zai ci karo da shi kusan sau ɗaya ne cikin 100. Wanda ya biya kuɗi bisa irin wannan gwaji, cinikin biri a sama ya yi, ko da mai sayarwa waliyyi ne.

Mu a wannan yanki ba baƙin jira ba ne. Masana'antar siminti ta Malbaza na nan tun shekarun 1960, kuma duk magini ya san lambar 32,5 ko 42,5 da ke jikin buhu. Wannan lamba ƙarfin siminti ce bayan kwana 28 da kwaɓawa. Babu injiniyan da zai taɓa shi ranar farko ya yanke hukunci. Manomin Galmi ma ya san albasar da ta sha taki da ruwa fiye da kima kyakkyawa ce ranar haƙa, sai ta yi makonni cikin rudu halinta ke fitowa. Me ya sa na'urar da ta ci jika ɗari ko ɗari biyu ce kaɗai za mu yanke wa hukunci cikin minti biyar?

Abin da shari'a da doka suka tanada

Magabata sun riga mu tunanin wannan. A fiƙihun Malikiyya akwai ciniki bisa zaɓi, inda ake ba mai saye wa'adin gwaji gwargwadon irin kayan: kamar kwana uku ga dabba, kamar wata guda ga gida. Akwai kuma haƙƙin mayar da kaya in an gano aibin da ya ɓuya ranar ciniki. Dokar zamani ma ba ta yi shiru ba. Nijar na cikin ƙungiyar OHADA da aka kafa a 1993, kuma dokarta ta kasuwanci da aka sabunta a 2010 ta ce, a ciniki tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa, aibin da ke bayyane sai a faɗe shi cikin wata ɗaya bayan karɓar kaya, ɓoyayye kuwa ana da shekara ɗaya daga ranar da aka gano shi ko ya kamata a gano shi. Sai dai a tuna Nijeriya ba ta cikin OHADA. Wanda ya tsallaka Illelar Nijeriya, ko ya je Sakkwato ko Kano sari, kada ya dogara da wannan doka; abin da ya rubuta da abokin cinikinsa shi ne garkuwarsa.

A wajen sayayyar gwamnati kuwa, ma'aikata sun san akwai karɓa ta wucin gadi da karɓa ta ƙarshe, kuma ƙa'idar UEMOA ta 2005 ta yarda a riƙe har kashi 5 cikin 100 na kuɗin ɗan kwangila a matsayin garanti. Amfanin wa'adin da ke tsakanin karɓar biyu shi ne a ga irin wannan ciwo. In kwamiti ya ƙirga kwali, ya kunna na'ura ɗaya, ya sa hannu, ya tashi cin abinci, to kuɗin talakawa ne aka bari a hannun sa'a. Gundumomi irin Malbaza, wadda sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta, ba su da kasafin da za su sayi kaya sau biyu.

Saboda haka ga shawarata ga ɓangarori uku.

Ga ɗan kasuwa: kada na'ura ta hau kanta sai ta kwana tana aiki. A bar ta tana sauke babban fayil dare guda. A rufe murfinta a buɗe sau ashirin, a ga ko wifi na dawowa kowane karo. A cire caja, a kai ta bayan bango biyu, a gwada ta da azahar lokacin da rana ta take. A rubuta sunan katin wifi a kan rasit, tare da wa'adin mako guda na mayarwa. Wanda ya fara yin haka a kasuwa zai ga kamar asara ce, amma shi ma'aikata za su riƙa kwatanta wa juna shagonsa.

Ga ma'aikaci: a ajiye ɗan littafi kusa da na'ura. Duk yankewa a rubuta rana da sa'a, da caja ko ba caja, bayan barci ne ko cikin aiki, ita kaɗai ce ko da sauran. Cikin mako guda littafin nan zai faɗi abin da rantsuwa ba ta faɗa ba. Windows ma na ajiye nasa: in mai gyara ya rubuta netsh wlan show wlanreport da izinin mai kula da na'ura, za ta fito da tarihin haɗi da yankewa na kwana uku da suka wuce, shaidar da Alhaji da Mushe za su karanta tare. Teburin da ba ya motsi, irin na gishe ko na mai biyan albashi, a ja masa waya daga akwati a huta. Kuma kada a sabunta direba ranar jajibirin babban aiki, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga mai gyara: kada wanke na'ura ya zama maganin farko, domin shaida ake wankewa. A canza abu ɗaya a jira. A tsayar da akwati kan tasha ta 1 ko ta 6 ko ta 11. A hana na'ura kashe kati don tattalin batir. A soka ɗan katin wifi na USB na kwana biyu: in ciwon ya tafi, an san yana cikin katin asali ko direbansa, in ya zauna, a nemi shi wani wuri. Wanda ya canza abu biyar lokaci guda, ko ya dace bai koyi kome ba, gobe kuma sai ya sake lalube.

Saura kira ga sandikar ƴan kasuwa da masu koyar da sana'a. Kamfanoni da masu rubuta direbobi abin da aka kai musu rahotonsa su ke gyarawa, kuma masu Linux na karɓar rahoto daga kowa. Muddin mu ƙorafi kawai mu ke yi a majalisa, zafin Ƙwanni da ƙurar Illela ba za su taɓa shiga lissafin kowa ba. Da masu gyara na garuruwan nan uku za su haɗa littattafansu, ɗaliban jami'ar Tawa da na cibiyoyin koyon sana'a su tsara su, da cikin shekara guda mun san wane kati ke jure bazara, wane ne ba ya jurewa, masu sari kuma su san abin da za su ɗauko da abin da za su bari.

Allah ya sa albarka cikin nemanmu, ya kiyashe mu da zargin wanda bai ci ba.